Zuwa aiki a kan keke a Jidda, da batun sayen waƙa a intanet

"Assalamu alaikum Kawu. Ina zaune a Aziziyya a nan Jidda, ina aiki a wani shagon kayan gini a Bawadi, tsakaninmu kimanin kilomita 7. Kullum riyal 30 nake kashewa a mota zuwa da dawowa, abin ya fara yi mini nauyi. Na yanke shawarar sayen keke, na ware riyal 900. Ina fita da ƙarfe 7 na safe, ba na tashi sai bayan isha'i. Wane irin keke da waɗanne kaya zan saya, kuma yaya zan tsira daga motocin garin nan? Na biyu, ni mai son waƙoƙin gida ne, ina so in riƙa saurare a hanya, kuma na gaji da waɗanda ake turowa a WhatsApp marasa kyan sauti. A ina zan saya a intanet ba tare da an cuce ni ba?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayoyinka biyu ne, ta keke da ta waƙa, amma akwai inda suka haɗu, wato kunnenka, kuma idan mun zo wurin za ka ji abin da ba lallai ya yi maka daɗi ba. Na shafe fiye da shekara ashirin ina gyaran keke a garin nan, a kan keke nake zuwa shago in koma gida, saboda haka abin da zan faɗa maka yawancinsa daga abin da na gani ne a hanya da kuma kekunan da ake kawo mini a lanƙwashe.

Lissafinka na kuɗi daidai ne. Riyal 30 a kwanakin aiki 26 ya kama riyal 780 a wata, ke nan a cikin kwanakin aiki 30 kacal keken ya mayar maka da riyal 900 ɗinka. Ba kai kaɗai ne ka shiga wannan tunani ba, domin tun bayan rushe tsofaffin unguwanni da aka fara a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Karantina da Kandara, 'yan'uwanmu da yawa sun koma nesa da wuraren aikinsu, kuɗin mota ya zama wani hayar gida na biyu. Jidda kuwa tana da abin da ke taimakon mai keke: gari ne shimfiɗaɗɗe a bakin Bahar Maliya, babu hawa babu gangara in ban da gadojin sama, ruwan sama kuma kwanaki kaɗan ne a shekara. Matsalarta ita ce don mota aka gina ta. Titunan faffaɗa ne, fetur yana da sauƙi, lita ɗaya ta mai lamba 91 riyal 2.18 ce tun 2021, kuma yawancin direbobi ba su saba neman keke da ido ba. Direba yana duba mota ne da tirela, abin da ya gaza mota girma sau da yawa idonsa yana wucewa ta kansa ba tare da zuciyarsa ta lura ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu babur da masu keke. Duk shawarar da za ta biyo baya a kan abu ɗaya take tsaye: ka ɗauka cewa ba a gan ka ba, sannan ka yi duk abin da zai sa a gan ka.

Hanya kafin keke

Kuskuren farko da sababbi ke yi shi ne su bi hanyar da mota take bi da su. Hanyar mota daban, ta keke daban. Titin Madina da babban titin Haramain ba wurin keke ba ne ko kaɗan, kada ma ka gwada. Manyan titunan da suka ratsa tsakaninka da wurin aikinka, kamar Saba'in da Sittin, tsallaka su za ka yi, ba bin su ba, kuma a wurin danja za ka tsallaka, ko da hakan zai sa ka yi zagaye. Sauran tafiyar ka yi ta a titunan cikin unguwa inda motoci ba sa iya sakin gudu. Idan hanyar ta tashi daga kilomita 7 ta koma 9, ba ka yi asara ba. Mai tafiya a natse, kilomita 15 a awa, zai cinye kilomita 7 a cikin minti 28, kilomita 9 kuma a minti 36, bambancin bai kai minti goma ba.

Ka fara gwada hanyar ranar Juma'a da sassafe, lokacin da gari yake barci. Ka lura da ramuka, da murafen magudanar ruwa masu tsaga da za su iya haɗiye taya, da wuraren da yashi ya taru a gefen titi, da mahaɗar da ba a ganin mai fitowa. Bayan haka ka sake bin ta da dare ko sau ɗaya, domin titin da ka sani da rana wani titi ne daban bayan isha'i. Ban bi wannan hanya taka da ƙafata ba, saboda haka ba zan zana maka ita lungu-lungu ba, kai ne za ka tantance ta.

Keken kansa

A riyal 900 ɗinka, kada keke ya ci fiye da 600. Sauran 300 na kayan kariya ne, kuma kada ka ce sai wata mai zuwa, domin makonnin farko su ne mafi haɗari.

Ka guji kekunan nan masu sheƙi da ake jerawa a manyan kantuna, masu sifirin gaba da baya da giya 21 a farashin banza. Nauyi gare su, sifirin nasu ado ne, kuma su ne suka fi cika mini shago. Abin da kake bukata keke ne mai sauƙin gini: miƙaƙƙen kai, babu sifirin, taya matsakaiciya mai inci 26 ko wadda ake kira 700, giya ɗaya ko bakwai. A gari irin Jidda giya bakwai ma ta yi yawa. Idan za ka sayi na hannu, a kasuwar Sawarik ko a wurin wani, kyakkyawan tsohon keke ya fi sabon banza nesa ba kusa ba, amma ka duba shi da kyau. Ka bi duk wurin walda da ido ko akwai tsaga, ka ɗaga kowace taya ka juya ka ga ko tana rawa, ka matse birki ka tura keken gaba, ka girgiza feda ka ji ko boris ya ci. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, tsatsa a nan ba ta wasa, saboda haka ka leƙa ƙarƙashin firam ɗin. Kuma ka nemi rasit ko wata shaida, kada ka sayi kayan sata ka jawo wa igamarka, wato takardar izinin zamanka, magana.

Tsayin sirdi yana da ƙa'ida mai sauƙi. Ka zauna, ka ɗora diddigenka a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai. Yawancin mutanenmu suna sauke sirdi ƙasa don su riƙa dafa ƙasa da ƙafa biyu, bayan wata uku su zo suna kukan gwiwa.

Fitila, sannan hula

Mutane sukan yi mamaki idan na ce fitila ta riga hular kwano. Dalilina shi ne hula tana rage rauni bayan an buge ka, fitila kuwa tana hana a buge ka tun farko, kuma kai rabin tafiyarka a cikin dare take. Farar fitila a gaba, ja a baya, kada ka sauya su, domin direba yana karanta launin ne ya san ko zuwa kake ko tafiya. Ka sayi masu caji da wayar USB, ka mayar da cajinsu al'ada kamar cajin waya. Ta baya ita ce ranka, ni biyu nake sawa, ɗaya a ƙarƙashin sirdi ɗaya a jikin kariya, wato wurin ɗaura kaya na bayan keke, saboda ranar da ɗaya ta mutu ba za ka sani ba sai ka isa gida. Ta gaba ka ɗan sunkuyar da ita ƙasa, kada ta kashe wa mai zuwa ido. Hasken fitilun titi kada ya ruɗe ka, yana nuna maka hanya ne, amma a idon direba kai inuwa ce a cikin inuwoyi. Ka haɗa da rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikatan hanya, tana da arha, a shagonku ma na tabbata akwai ta. Abin ƙyalli a idon sawu ko a feda ya fi na baya jan ido, domin motsin ƙafa yana sanar da direba cewa mutum ne a kan keke.

Hular kwano kuma ta keke za ka saya, ba hular leburorin gini ba, wadda an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama kuma tana tashi daga kai kafin mutum ya kai ƙasa. Ka duba cikinta ka ga alamar EN 1078 ta Turai ko CPSC ta Amurka. Abin da ke aiki a cikinta farin soso ne mai tauri wanda yake murƙushewa ya shanye bugun, shi ya sa hular da ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ta gama aikinta ko da ba ka ga tsaga ba, shi ya sa kuma ba na ba da shawarar sayen ta hannu. Ta zauna daidai a kai, yatsu biyu tsakanin gira da bakinta, igiyar haɓa a ɗaure yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga. Hular da aka tura ƙeya kamar zanna bukar ba ta kare goshi. Kada ka bar ta a rana tana gasuwa. Kuma ka san iyakarta: an yi ta ne don faɗuwa daga keke, ba ta mayar da mutum ƙarfe a gaban mota mai gudu.

Sauran kayan ba su da yawa. Kwaɗo mai siffar harafin U, na ƙarfe, ka ɗaure firam da tayar baya a jikin abin da ba ya motsi, domin siririyar wayar nan almakashi ɗaya ce. Tiyub guda na ajiya, ƙaramin famfo, ƙarafan cire taya da kayan faci, kuma ka koyi canza tiyub a gida kafin ranar da za ta kama ka a hanya, don ba kowane mai banshar, wato mai facin taya, ne yake karɓar keke ba. Kariya a baya ka ɗaure kayanka, jakar goyo a zafin nan tana jiƙa baya sharkaf. Tabarau saboda ƙura, farare don dare. Ƙararrawa don masu tafiya a ƙasa. Iskar taya a rubuce take a gefenta, ka duba duk mako, taya mai laushi ita ce ke yawan fashewa a bakin rami. Sarƙa kuma ka goge ta da tsumma ka ɗiga mata mai kaɗan na keke, kada ka zuba mata baƙin man mota, yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar dutsen niƙa ya cinye haƙora.

Batun sutura zan faɗa maka daga jikina. Shekarun baya na hau keke da jallabiya zan je sallar magariba, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, bakin rigar ya shiga tsakanin sarƙa da faranti, keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Har yau akwai tabo a gwiwar hannuna. Ka hau da wando da riga, ka ɗaure ƙafar wandon dama, jallabiya ka naɗe ta a kariya ka sa idan ka isa. Takalmi rufaffe, ban da silifa.

Zama lafiya da motoci

Ka bi hannun dama tare da motoci. Na san da yawa daga cikin masu keke a garin nan suna tafiya suna fuskantar motoci, suna cewa gara su ga abin da ke zuwa. Wannan tunani ya kashe mutane. Idan mota tana gudun kilomita 60 kai kana 15, kuna tafiya gefe ɗaya, da gudun 45 take cim maka, idan kuwa kuna fuskantar juna, da gudun 75 kuke haɗuwa. Ban da haka, direban da zai fito daga lungu ya shiga dama, hagunsa yake kallo inda motoci ke fitowa, ba zai taɓa neman ka ta ɗaya gefen ba.

Kada ka manne da bakin titi, kuma kada ka manne da motocin da aka ajiye. Ka bar tazarar mita ɗaya tsakaninka da su saboda ƙofa. A gaban bakala, wato shagon kayan masarufi, da gidan burodi da masallaci mutum yana tsayawa ne ya buɗe ƙofa ba tare da ya waiga ba, kuma kekuna da yawa da na miƙe wa rim ƙofa ce ta kayar da masu su. Ka tafi a miƙe, kada ka riƙa shiga tsakanin motocin da ke ajiye kana fitowa, wanda ke bayanka ya san inda za ka kasance bayan daƙiƙa uku. Mota mai gudun kilomita 60 tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, wanda ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita 33 a makance, kuma kyamarorin Sahir masu kama laifin hanya ba su hana kowa wannan hali ba tukuna.

Manyan motoci su ne abin tsoro na gaske: tirela, tifa, bas, da tankokin ruwa da ake kira wayit. Kada ka taɓa shiga tsakanin babbar mota da bakin titi ta damanta, musamman kusa da mahaɗa. Direban ba ya ganin wurin, kuma idan zai karya dama, gaban motar yana buɗewa hagu kamar ya ba ka hanya, sannan tayoyin baya su yanko ciki su rufe wurin da kake. Ka tsaya a bayanta ka bar ta ta tafi. A mahaɗa kada ka dogara da sigina, da yawa ba sa sawa, ka kalli tayar gaba ta motar, ita ba ta ƙarya. Babban shataletale mai layi uku ko huɗu kuwa, ka sauka ka tura kekenka ka tsallaka a ƙafa. Ni da furfurata haka nake yi, ban taɓa jin kunya ba.

Birkin gaba shi ne yake da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, amma idan ka finciko shi shi kaɗai zai wurga ka ta kan keke. Ka koyi matse biyun tare kana tura jikinka baya, ka gwada a fili sau da yawa har hannunka ya saba. Ranar ruwan sama ka bar keke a gida. Ruwan farko yana taso da man da ya daɗe a kwalta, titi ya zama santsi, rami ya ɓuya, hanyoyin ƙarƙashin gada su cika. Wanda ya ga ambaliyar Nuwamba 2009, wadda ta ci rayuka fiye da 100 a garin nan, ba ya raina hadarin Jidda. Haka kuma rabin awa kafin buɗa-baki a watan azumi, lokacin da kowa ke sauri da yunwa, ba lokacin keke ba ne. Igamarka ta kasance a jikinka kullum, da lambar wani naka a rubuce a takarda. Idan wani abu ya faru, 911 tana aiki a yankin Makka har da Jidda, 997 kuma ta motar asibiti ce. Dokokin hanya da tararsu ana sabunta su, saboda haka abin da ya shafi tara ka ji shi daga bakin Murur, wato 'yan sandan hanya.

Zafi

Lokutan fitarka sun taimake ka, safe da dare. Amma zafin Jidda da laima yake tafe, gumi ba ya bushewa, jiki kuma da bushewar gumi yake huce kansa. Gwamnati da kanta tana hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, kai ma ka ɗauki wannan a matsayin dokarka, kada a aike ka da keke a tsakar rana. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka riƙe gora a jikin keke, ka tafi da rigar canji. Idan ka ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ka sauka nan take ka shiga inuwa ko wani shago mai sanyi. Ni ba likita ba ne, idan kana da hawan jini ko ciwon suga ko na zuciya, ka ga likita kafin ka fara, musamman game da azumi.

Kunne

Yanzu mun zo inda tambayoyinka suka haɗu. Kada ka sa iyafis a kan keke. Mai mota yana da madubi uku da ƙarfe kewaye da shi, kai kunnenka ne madubinka na baya. Da shi kake jin tirela tun tana nesa, da shi kake bambance motar da ta rage gudu da wadda ba ta gan ka ba, da shi kake jin ƙarar buɗe ƙofa. Waɗanda ake yayi yanzu masu toshe hayaniyar waje sun fi kowanne muni, domin aikinsu ke nan, su shafe irin rugugin injin da kake bukatar ji. Wani yaro da nake yi wa gyara, sa'anka ne, mota mai ja da baya ta fito daga gareji ta same shi, mutane suna ta yi masa ihu bai ji ba. Allah ya kiyaye, ƙafa ce kawai ta karye, amma wata uku bai yi aiki ba.

Za a ce maka ka sa a kunne ɗaya, ko ka sayi irin wanda yake zama a kan ƙashin gefen fuska ya bar kunne a buɗe, ko ka ɗaura ƙaramar sifika a kan keke. Duk sun fi toshe kunne biyu, ban musa ba. Sai dai ba kunne kaɗai waƙa take kamawa ba, tana kama hankali, kuma waƙar gida ga mutumin da yake baƙunta tana ɗauke shi ta kai shi Kano alhali jikinsa yana Sittin. Tafiyar rabin awa ce. Ka bar waƙar sai ka isa.

Sayen waƙar

Batun halacci ko rashinsa na malamai ne, ba na mai gyaran keke ba, ni abin da ka tambaya zan amsa. Na daɗe ina sayen sauti, tun zamanin kaset har zuwa yau, kuma abu na farko da za ka gane shi ne a intanet akwai saye akwai haya, mutane kuma suna kiran su duka saye.

Spotify, wadda ta shigo Saudiyya a Nuwamba 2018, da Anghami da aka kafa a Lebanon a 2012, da Apple Music da YouTube Music, duk haya ce. Kana biyan kuɗin wata, kana jin abin da kake so, har kana iya saukewa a waya ka ji ba tare da data ba, amma abin da ka sauke a kulle yake a cikin manhajar, watan da ka daina biya ya rufe. Waƙa kuma tana iya ɓacewa idan mai ita ya janye ta. Saye na gaskiya shi ne ka biya sau ɗaya a ba ka fayil ya zama naka. Kantin iTunes, wanda Apple ta buɗe a 2003, yana sayar da waƙa ɗaya-ɗaya, kuma tun 2009 ya cire makullin da ke hana kwafe ta zuwa wata na'ura. Bandcamp ma yana sayarwa, kai ne za ka zaɓi nau'in fayil, MP3 ko FLAC, kuma kaso mafi girma na kuɗin yana zuwa ga mawaƙin, kamfanin yana ɗaukar 15 cikin 100 a cinikin fayil. Ko a saye ma, ka sauke kayanka ka ajiye a wurinka. Google ta rufe kantinta na Play Music a 2020, wanda bai kwashe abin da ya saya a kan lokaci ba ya tashi a tutar babu.

Wanne ya dace da kai? Idan kana bin sababbin waƙoƙi kullum, haya ta fi sauƙi. Idan kuwa waƙoƙi talatin ko hamsin ne kake maimaitawa shekara da shekaru, kamar yawancinmu, saye ya fi, kuɗin hayar shekara guda zai saya maka su duka. Game da waƙoƙin Hausa, mawaƙan zamani da yawa suna sa nasu a waɗannan manhajoji da kuma Audiomack da Boomplay, wadda ta fara a Nijeriya a 2015, da shafukansu na YouTube. Ka nemi shafin mawaƙin na ainihi, domin sauraro a can yana kai masa wani abu, saɓanin abin da 'yan tura waƙa a memori suke yi, wanda ko sisi ba ya isa gare shi. Tsofaffin waƙoƙin gargajiya na makaɗan da suka rasu su ne masu wuya. Yawancin abin da ke yawo daga tsohon kaset aka kwafo, kuma wanda ya ɗora ba lallai ne yana da alaƙa da magada ba, saboda haka kada ka biya wani kuɗi a kan su sai ka san ko wane ne.

Rashin kyan sautin da kake kuka da shi yana da dalili. MP3 matsattsen sauti ne, an zubar da wani ɓangare don fayil ya ƙanƙance, kuma duk lokacin da wani ya sake matse shi, ko ya ciro shi daga bidiyo, ana ƙara zubarwa, abin da ya zube kuma ba ya dawowa. Girman fayil yana ba ka labari: mai lamba 128 yana cin kusan megabait 1 a minti, mai 320 kusan megabait 2.4. Waƙar minti biyar da ba ta kai megabait 2 ba an riga an tatse ta. Na iTunes mai lamba 256 ne a tsarin AAC, ya ishi kowane kunne a waya. FLAC ba ya zubar da komai, amma yana cin wuri ninki biyu ko fiye na babban MP3, kuma a iyafis na riyal 30 ba za ka ji bambanci ba.

Wajen biya ne ake cutar mutane. Ka biya ta cikin manhajar kanta ko shafin kamfanin, kada ka bi wata mahaɗa da aka turo maka a WhatsApp ko Telegram. Masu tallan rajistar shekara a kuɗin wata ɗaya, yawanci asusun sata ne ko na haɗaka, bayan sati biyu a canza kalmar sirri ka rasa wanda za ka kama. Lambar da banki yake turo maka ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko ya ce daga bankin yake. Idan ba ka so ka sa katin Mada da albashinka ke shiga, ka sayi katin kyauta na Apple ko Google Play a kanti irin Jarir, ka loda iya abin da za ka kashe. Sai dai ka kula, waɗannan katunan na ƙasa ɗaya ne: katin Saudiyya ba ya shiga asusun da aka buɗe da adireshin Nijeriya, kuma da yawa daga cikinmu da asusun gida muka zo. Ka duba ƙasar asusunka kafin ka biya, domin kati idan an kankare ba a mayarwa. Gwajin kyauta na wata ɗaya kuma yana juyewa ya zama biya da kansa, ka sa wa wayarka tunatarwa kwana biyu kafin ya cika.

Abin da ka saya ka ajiye shi wuri biyu, a waya da kuma memori ko kwamfutar wani naka. Wayar mai keke tana cikin haɗarin faɗuwa fiye da ta kowa, shi ya sa ma nake cewa ka sa ta a aljihu mai zif ko cikin jakar kariya, kada ka ɗaura ta a kan keke inda rana za ta gasa ta, idonka kuma ya riƙa komawa kanta. Idan ka sayi keken, kafin ka fara zuwa aiki da shi ka kai wa mai gyara ya ɗaure birki ya duba kowane noti, domin yawancin sababbin kekuna a gaggauce ake haɗa su a kanti, kuma ka sake mayar masa bayan sati biyu, lokacin da wayoyin birki suka saki.